Ƙunzugun Yaya Rabi'a

Ranar da labarin rasuwar Yaya Rabi'a ya iske Rekiya, tana rumfarta a kasuwar Lafiya tana auna wa wata mata agushi. Waya ta yi ƙara a ƙugunta, ta ciro ta da hannun hagu, mudu na hannun dama. Luqman ne, babban ɗan yayar tata.

"Inna, Mama fa ta cika," ya ce. "Ga mu nan za mu kamo hanyar Adogi da ita."

Rekiya ba ta yi kuka nan take ba. Ta ƙarasa awon, ta ɗaure bakin leda, ta miƙa wa matar, sannan ta zauna a kan buhu. Erdoo, Batibiya mai sayar da doya a rumfar gefe, ita ce ta rufe mata kaya, ta tsayar mata da keke, ta gyara mata mayafin da ta yafa a baibai.

Jiya-jiya aka kai Yaya Rabi'a asibiti da zazzaɓi da kumburin ƙafa. Likitoci suka ce an makara, ƙoda ta riga ta daina aiki. A Adogi, garinsu, kowa da tasa. Wani ya ce hawan jini ne, wata ta ce hannu aka sa mata. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne matar ba ta taɓa cewa ga inda ke mata ciwo ba. Sai dai ta daɗe da daina zuwa biki da suna, ko sallar Idi a gida take yi, kuma in ka shiga ɗakinta turaren wuta ne zai fara tarbarka tun daga ƙofa. Mutane suka ce ta kama ibada ne.

Goggo Huseina ce ke wanke mata idan sun rasu a unguwar, tsohuwa ce doguwa marar yawan magana. Ta dubi matan da ke tsakar gida ta nuna Rekiya.

"Ke ce ƙanwarta, ciki ɗaya. Zo ki zuba mini ruwa."

Da suka shiga ta saki labule, ta ce, "Rekiya, kin taɓa shiga wanka?"

"A'a, Goggo."

"To ki ji. Abin da ido ya gani a nan, tare da mai shi ake binne shi. Amana ce."

Ta aike ta ta ɗauko tsohon zani a cikin kwallar mamaciyar. Rekiya ta buɗe kwalla ta fari, ba zani. Tsummoki ne na tsohuwar atamfa, an yayyanka su daidai, an wanke, an ninke su uku-uku, an jera har baki. Ta buɗe ta biyu, su ne dai. Ƙunzugu ne, ga shi kuwa Yaya Rabi'a ta daɗe da daina ganin al'ada.

Wajen wankan ta ga sauran. Fatar cinyoyi ta saɓule ta warke, ta sake saɓulewa, har ta yi baƙi ta yi kauri. Akwai kuma wani abu da ya sauko daga cikin jiki, wanda ba nan ne mazauninsa ba. Goggo Huseina ta ja zani ta rufe, ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ga komai ba.

Butar da ke hannun Rekiya ta kusa suɓuce mata. Ta san wannan ninkin. Irinsa ne a jikinta a daidai wannan lokacin.

Nata ciwon ya fara ne tun haihuwar autarta. In ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga buhu, sai fitsari ya ɗan zubo. Ta ɗauka gadon haihuwa ne, kowace mace da nata, ba a dai faɗa. Daga baya sai ga zafi in ta tsuguna, ta tashi kuma ta ji kamar ba ta gama ba, ga wani nauyi a mara kamar an rataya mata dutsen niƙa. Mata suka ce sanyi ne. Ta sayi maganin sanyi wajen mai motar nan da ke yawo da lasifika, ta sha har jarka ta ƙare. Ta je kemis aka ba ta kafso, ta sha kwana kaɗan, zafi ya lafa, ta ajiye sauran don gaba. Ta zauna cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi. Abu ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar baƙon da ya san inda ake ajiye makulli.

Sai ta koyi dabara. Ba ta shan ruwa daga fitowarta har ta tashi kasuwa, sai dai ta jefa goro a baki. In an kira salla sai ta sulale ta canja ƙunzugu, ta sake alwala, ta yi sallar a gurguje tana zullumin ko ta karɓu. Ba ta dariya da ƙarfi. A gida kuwa ta bar wa mijinta Malam Ya'akubu gado, ta koma tabarma, ta ce masa katifa na sa mata ciwon baya.

Bayan an share makoki ta dawo kasuwa, amma ba ta dawo ita kaɗai ba, kwallayen nan biyu na cikin kanta. In tana awo sai ta ga tsummoki jere har baki. Ta riƙa lissafa wa kanta: Yaya ta daina zuwa biki, ni ma na daina. Yaya ta kama turare, ni ma ga kwalbar humra a jakata. Ashe hanya ɗaya muke bi, ita ce dai ta riga ni isa.

Ana haka wata safiya ta tashi da zazzaɓi, kwiɓinta na dama na suka. Da ta zaga bayan gida ta ga fitsarin ya yi ja-ja kamar an tsarma zoɓo. Ta daɗe tsaye riƙe da bango. Ba ta gaya wa kowa ba, ta yafa mayafi ta hau keke zuwa asibiti.

Ta yanki kati, ta bi layi, aka kira ta. Likitan saurayi ne, da kaɗan zai girmi Luqman. Ya ce, "Mama, me ke damunki?"

Ta buɗe baki. Duk maganar da ta jera a cikin keke ta watse.

"Zazzaɓi ne," ta ce.

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan."

Ya sake tambaya, ta sake cewa shi ke nan. Aka ɗebi jini, aka ba ta maganin zazzaɓi da na ciwon jiki, ta fito da ledarta. Daga nan kasuwa ta nufa, don zama a gida ya fi ba ta tsoro.

Erdoo na zaune kan kujera tana kore ƙuda daga kan doya. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta dubi ledar, ta dubi Rekiya.

"Ina ka je?"

"Asibiti."

"Ka ce musu me?"

"Zazzaɓi."

"Zazzaɓi." Erdoo ta ajiye maficin. "Ƙawata, buhu ne kawai ya raba shagona da naka. Kana tsammani ba ni da hanci? Ba ni da ido? Mutum yana zama cikin wannan rana na Lafiya, ko ruwan leda ɗaya ba ya sha. Ko raƙumi ba ya yin haka."

Kunya ta rufe Rekiya, ta ji kamar ta shige cikin buhun agushi. "Haba Madam, a tsakiyar kasuwa?"

"To matso, mu yi a gefen kasuwa."

Ta jawo ta bayan tulin doya, ta ɗaga yatsarta mai zoben aure.

"Ka ga wannan? Na coci ne. Ina da na biyu, na asibiti. Na roba. Yana inda ko Fada na cocinmu bai sa wa albarka ba."

"Zobe kuma?" Rekiya ta ce.

"Bayan na haifi 'yan biyu, mahaifa ya sauko ya danne wurin fitsari. In ana waƙa a coci ni ina bencin baya kusa da ƙofa, kamar ɓarawo. Na sha ganye, na sha kafso, na sha addu'a. Wata nas a ƙauyenmu ta ce, wannan ba na kemis ba ne, je ka ga likita wanda aikinsa ke nan. Suka sa mini zobe ya tokare shi. Yanzu in ana rawa ni ne a gaba." Ta girgiza kafaɗa. "Kai ma ka sani, ka gan ni a bikin ɗana."

Dariya ta kuɓuce wa Rekiya, ta yi sauri ta matse ƙafafu. Dariyar ce kuma ta juye kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwa. Erdoo ta bar ta ta yi mai isarta.

"Yau na ga jini," Rekiya ta ce.

Fuskar Erdoo ta canja. "To wasa ya ƙare. Gobe ne ranar da likitan ke zama. Ni zan kai ka da kaina."

Amma akwai abin da ya tsaya wa Rekiya a rai. Ba magani kawai take so ba. So take ta tambayi likita ko abin da ya kashe Yaya Rabi'a shi ne a jikinta, kuma ba ta ga yadda za ta tambaya ba tare da ta buɗe abin da aka rufe da zani ba. Da la'asar, da zazzaɓinta da komai, ta hau mashin zuwa Adogi.

Ta iske Goggo Huseina a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, suka sake yi wa juna gaisuwar rashi. Rekiya ta yi ta kewaye-kewaye, tsohuwa na jinta ba ta ɗago ba.

"Goggo, in mutum ya ga abu a wajen wanka, kuma abin nan yana jikinsa shi ma..."

"Tun ranar na gani," Goggo ta ce. "Kin kusa karya mini buta."

"To ya halatta in faɗa wa likita?"

Tsohuwa ta watsa ɓawon gyaɗa wa kaji. "An ce a rufe ne don kada a ci naman mamaci a bakin rijiya. Likita ba bakin rijiya ba ne. Ki faɗa masa abin da zai amfane ki, kada ki kama suna. Ita da tana da bakin magana yanzu, da tsintsiya za ta kora ki asibitin." Ta ɗago ta dube ta sosai. "Tashi ki tafi tun da sauran rana. Ba na son in wanke ku biyu a shekara ɗaya, bayana ba zai iya ba."

Washegari Erdoo ta zo da keke har ƙofar gida. A asibitin ta san kowace kwana, ta yi magana da wannan, ta gaisa da waccan, har aka tura su ɓangaren da likitan mafitsara ke ganin mata. Benci cike. Rekiya ta yi mamakin yawansu: ga tsofaffi, ga masu goyo, ga wata 'yar gayu da jakar ofis. Kowa ta sunkuyar da kai kamar ita kaɗai ce.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, Dakta Muhyiddin. Da ta ga namiji ne ta juya za ta fita, ta ci karo da Erdoo ta tare ƙofa da faɗinta.

"Shiga, abeg. Ya ga na waɗanda suka fi ka kyau."

Akwai nas a ɗakin, mace mai fara'a, ta zaunar da ita ta tsaya kusa. Rekiya ta kafa ido a kan takalmin nas ɗin, shi ta yi wa bayani. Ta faɗi tari da ɗigar fitsari, ta faɗi zafi da nauyin mara, kafso da bagaruwa, ƙin shan ruwa, har jinin jiya da sukan kwiɓi. Likita bai katse ta ba, sai dai ya ce "Na ji, Hajiya, sai kuma me?" Da ta gama nata sai ta ce:

"Akwai wata mata da na sani. Irin wannan ne da ita, har ya fi nawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Aka ce ƙodarta ta tsaya."

"Allah ya jiƙanta," likitan ya ce. Bai tambayi ko wace ce ba. "Shi ya kawo ki?"

"Shi ne."

"To ta yi miki rana."

Aka duba ta a bayan labule, nas na riƙe da hannunta. Aka karɓi fitsari da jini, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki da kwiɓi aka ɗauki hoto. Likita ya ce mahaifa ce ta sauko ta danne mafitsara, shi ya sa ba ta juye fitsari duka, wanda ya kwanta kuwa shi ke tara ƙwayoyin cuta. Ya sa aka fara mata allura a ranar saboda zazzaɓin, ya ce sauran bayani sai sakamako ya fito.

Kwanakin jiran nan su ne suka fi tsawo. A cikinsu ne ta gaya wa Malam Ya'akubu, don allurar kullum ba ta ɓoyuwa. Ya dawo daga injin shinkafa, ƙaiƙayi har cikin girarsa, yana cin tuwo, ta zauna nesa ta faɗa masa tana kallon ƙasa. Ya tsame hannu daga kwano.

"Wannan ne ya kai ki tabarma?"

"Shi ne, Malam."

"Ikon Allah," ya ce. "Ni da na ɗauka minsharina ne ya kore ki. Har wani abokina ya ba ni saiwa in riƙa tafasawa. Ɗacinta kamar maɗaci, Rekiya, kuma ban fasa sha ba."

"To minsharin ma yana nan," ta ce.

Ranar karɓar sakamako shi ya raka ta, ya zauna a bencin waje cikin mata yana juya hula a hannu. Dakta Muhyiddin ya duba takardu, ya ɗago.

"Hajiya, ƙodarki biyu suna aiki. Ta dama ce cutar ta fara hawa, ita ce ta kawo zazzaɓi da jinin, amma mun tare ta. Ba daji ba ne, ba kuma abin da ya fi ƙarfin magani ba."

Rekiya ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta har tafin ƙafa. Ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta sake faɗa, ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta.

Ya ce kafson da ta yi ta sha tana yankewa ya sa ƙwayoyin sun saba da shi, yanzu an gano wanda ke kashe su, ta shanye shi duka ko ta ji sauƙi. In ciwon ya warke za a sa mata zobe, ta riƙa zuwa ana dubawa, in kuma nan gaba bai wadatar ba akwai aiki da ake yi. Ta sha ruwa, ta daina riƙe fitsari.

"Ki kuma gaya wa matan layinku," ya ce. "Zafin fitsari in ya tafi ya dawo, ya sake dawowa, ya wuce kemis. In an ga jini, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon kwiɓi, ba a kwana da shi. Wadda fitsari ke zubo mata, ko take jin abu na saukowa, ta zo. Haihuwa ce ta jawo, gaskiya ne, amma ba a ce a zauna da shi har kabari ba."

Ta miƙe, har ta kai ƙofa ta dawo.

"Likita, matar nan da na ce. Yayata ce. Da ta zo, da ta tashi?"

Ya cire tabarau ya ajiye. "Ban gan ta ba, Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Rai na Allah ne. Amma irin abin da kika kwatanta, kullum muna gyara shi a nan."

Ta gyaɗa kai. Maganar ta yi mata daɗi ta kuma yi mata ciwo, duk a lokaci guda, har yau kuma haka take jinta. A cikin keke tana share hawaye, Malam Ya'akubu ya rikice yana tambaya ko likita ya faɗi wani mugun abu ne.

"A'a, lafiya lau nake," ta ce. "Ka bar ni kawai."

Mai keke ya tsaya a mahaɗa, Malam ya saya mata ruwan leda mai sanyi. Ta huda da haƙori ta shanye tas a tsakiyar titi, da rana tsaka, ta ce ya ƙaro.

Ranar da aka sa zoben, nas ɗin nan ta koya mata wani motsa jiki. Ta ce ta matse naman ƙasanta kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan jima, ta saki, ta sake, shi ke ƙarfafa wurin. Ta ce mata da yawa kan fara su watsar, don haka ta haɗa shi da wani aiki da ba ta fashinsa. Rekiya ta yi tunani, ta haɗa shi da dafa ruwan kokon safe.

Har yanzu kowace safiya, in ta hura gawayi ta ɗora tukunya, takan jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, hannu bisa gwiwa. Ta matse, ta saki, ta matse, ta saki, tana yi wa Yaya Rabi'a addu'a a zuci, har ruwan ya tafasa.